Tayar da Na Cire wa Baba

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma. Mahaifinmu ya koma ranar wata Asabar a tsakiyar marka. Mun rufe shi bayan azahar ana yayyafi, ƙasar kabarin tana manne mana a hannu.

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa, kuma a kwana ukun nan babu wunin da ruwa bai sauka ba. Mu shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida, hadari ya taso, mu naɗe mu koma zaure mu cunkushe, takalman mutane jibge a bakin ƙofa duk laka. Duk wanda ya zo, idan ya yi addu'a aka shafa, sai ya ɗauko zancen keken Baba. Liman ya ce shi in ya rufe ido yana son tuno fuskar Baba, ba ya ganinsa a zaune ko a tsaye, sai dai a kan sirdi, ya ɗaga hannu ɗaya yana sallama bai tsaya ba.

Wani mutum ya zo daga wajen Makoda, babu wanda ya san shi a cikinmu. Ya ce shekarun baya ƙaya ta huda masa taya a hanya ana ruwa, ga buhun gyaɗa a baya, sai ga wani dattijo ya tsaya, ya buɗe wani ɗan gwangwani, ya tsuguna ya yi masa faci. "Bai tambayi sunana ba," in ji mutumin. "Da ya gama sai ya hau ni da faɗa, wai na bar sarƙa ta bushe kamar ba ni da tausayi. Jiya na ji an ce mai keken nan na garinku ya rasu, na ce lallai shi ne." Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi a gidan mutuwa a haɗiye ta da sauri.

A cikin gida kuma Inna, mahaifiyarmu, ta ce matan unguwa ƙararrawarsa suke ta tunawa. Sau biyu yake kaɗa ta in ya shigo lungu daga gona, da ita suke sanin yamma ta yi, a ɗora tukunya.

A rana ta biyu ne wani surukinmu da ya zo daga nesa, wanda bai san komai ba, ya yi tambayar da kowa yake kauce wa. Ya ce, "Wai ni kam, an ce a ƙasa ya tafi ran nan har ruwa ya yi masa duka. To ina keken?"

Yayana ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Wani ya yi maza ya ce kwana ne ya ƙare, kowa ya amsa da haka ne. Ni ma na amsa. Amma amsar tambayar tana wurina, kuma ita ce ta hana ni sakat har na zauna rubuta wannan. Ina so a san wane ne Baba, kada a tuna shi da tafiyarsa ta ƙarshe kaɗai. Ina kuma so in faɗi abin da na kasa faɗa a zaure.

Keken ya girme ni. Baƙi ne, irin na da mai nauyi, fentinsa ya goge a duk inda hannu yake taɓawa. Baba manomi ne kamar kowa a garinmu, gero da gyaɗa da ɗan wake, gonakinsa a warwatse, wata gabas wata arewa, shi ya sa ma ya sayi keken tun yana saurayi. Amma yadda ya riƙe shi ya wuce yadda ake riƙe abin hawa. In ya dawo daga tafiya a cikin ruwa, ba ya cin abinci sai ya gama da shi. Ya kife shi a tsakar gida tayoyi a sama, ya ɗauki tsinke ya sakace lakar da ta maƙale a wajen birki, ya goge ƙarfen da tsumma har ya bushe. Sannan ya wanke sarƙa da kananzir, ya tsoma gashin kaza a kwalbar baƙin mai ya bi ta gaɓa-gaɓa, yana juya feda da hannu yana saurare. Da kunne yake gane ciwon keke. Inna tana tsaye da kwanon tuwo, shi kuwa rigarsa tana ɗiga.

"Malam, ka fara cire jiƙaƙƙun kayan nan mana."

"Ni in na jiƙe zan bushe. Shi in ya kwana a jiƙe tsatsa zai yi."

Kullum amsar ke nan, har ta kai Inna tana faɗar tata maganar ta kuma ba kanta amsa kafin ya buɗe baki.

Yana da shirinsa na damina wanda babu mai irinsa a gari. Buhun taki ya samu ya huda masa wuya da hannuwa, ya zama riga. Malafarsa ya lulluɓe da leda ya ɗaure da zare a haɓa. Ƙafar wandonsa ta dama ya ɗaure da tsinken roba don kada sarƙa ta ci. Kafin ya fita sai ya ɗan rage wa tayoyi iska, ya ce taya mai tauri ba ta kama ƙasa mai santsi. In zai gangara, tun daga nesa yake fara taɓa birki kaɗan-kaɗan, domin jiƙaƙƙen birki ba ya ci a matsar farko. Ruwan da ba ya ganin ƙasansa kuwa ba ya shiga da keke, sauka yake ya saɓa shi a kafaɗa. Shekarar da na fara aiki a wani ƙaramin asibiti a Ɗanbatta na sayo masa rigar ruwa ta gaske daga Kano, mai hula da maɓallai. Ya juya ta, ya yaba, ya sa min albarka. Da na zo gida bayan sati biyu na tarar da ita shimfiɗe a kan keken a zaure, wai rufin yana yoyo daidai wurin. Shi yana nan da buhunsa.

Tun daga wannan shekarar yake kirana Likita, ko da yake ni ƙaramin ma'aikaci ne, allura da wankin ciwo. In yana jin daɗina haka yake kirana, in yana fushi da ni ma haka.

Ba zan ce mutum ne mai sauƙin sha'ani ba, domin zai zama na yi ƙarya a kan mamaci. Ba ya ba da aron keke, ko ga wa. Wata damina matar maƙwabcinmu ta fara naƙuda da rana tsaka ana sheƙa ruwa, ungozomar garinmu ta yi tafiya, sai ta ƙauyen gaba. Maƙwabcin ya shigo a guje ya ce, "Malam, ara min keke in ɗauko ungozoma." Baba ya ce, "Ba na ba da aro." Mutumin ya tsaya baki buɗe, bai lura Baba ya riga ya sunkuya yana ɗaure ƙafar wando ba. Da kansa ya tafi. Ya dawo da tsohuwar a bayansa ya rufa mata buhun, shi kuma babu inda ya bushe a jikinsa. Aka haihu lafiya. Maƙwabcin ya zo gaisuwa a kwanakin makoki yana hawaye, ya ce ya gode wa Baba har abada, amma har yau in ya tuna kalmomin nan biyar sai gabansa ya faɗi.

Amininsa tun ƙuruciya mai faci ne, yana da rumfa a bakin titi. Baba shi yake yi wa kekensa komai, sai in taya ta karkace, a nan ne yake kai wa aminin nasa ya daidaita wayoyin. Wata rana wani noti ya ƙi kwantuwa, mai facin ya ɗauki guduma ya ƙwala masa sau biyu. Baba ya karɓi kekensa ya tura shi gida a haka, damina biyu bai sake zama a rumfar nan ba. Suna gaisawa a masallaci, suna zuwa wa juna suna da jana'iza, amma rumfa a'a. Sai da mai facin ya kwanta ciwo, hannunsa na dama ya ƙi ɗaguwa, sannan aka wayi gari aka ga Baba ya buɗe rumfar ya zauna. Wata guda yana yi wa mutane faci a madadinsa, ga nasa noman yana jira. Da mai facin ya warke ya dawo, Baba ya miƙa masa kayansa. Gudumar ce kawai ba a gani ba. Har yau babu wanda ya san inda ya kai ta.

Sai kuma Gwaggo. Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi bayan mahaifiyarsu ta rasu yana ƙarami. An aurar da ita a wani ƙauye ta wajen Makoda, a hayin rafi, can ta tsufa, can idonta ya tafi. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci Baba zai ɗaure goro da 'yar daddawa a bayan keke ya tafi wurinta. Ba wata doguwar magana suke yi ba. Ta tambaye shi ruwa, ya tambaye ta ƙafa, su yi ta lissafa mutanen da suka sani da suka mutu. Kafin magariba ya dawo. Tun ban san kaina ba nake ganin wannan tafiya, da rani da damina.

A daminar bara ne ya faɗi. Yanar ido ta fara rufe masa idon hagu, bai gaya wa kowa ba. A gangaren burtali ruwa ya ci wani rami, bai gan shi ba sai da tayar gaba ta faɗa. Mata masu tallar nono ne suka same shi zaune a laka ya riƙe kafaɗa. Ƙashin ya karye. Da aka kawo shi gida, abin da ya fara tambaya shi ne ko an shigo da keken. Wata biyu ya yi a zaune, yana warkewa ya koma kan sirdi.

Bana, ruwa bai daɗe da sauka ba, Inna ta kira ni a waya tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ya sake faɗuwa, ya ɓoye, ita a wajen wanki ta ga jini a wandonsa. Ta ce, "Kada ka ce ni na gaya maka."

Muka yi shawara da Yaya, bakinmu ya zo ɗaya cewa hawan keke ya ƙare. Yaya ya ce, "Ni dai ba zan iya kallon idonsa in faɗa masa ba. Kai ne likita, kai zai saurara."

Na zo da hantsi na same shi a zaure yana duba robar birki. Na gaishe shi, na zauna a ƙasa.

"Baba, keken nan ya isa haka."

"Ya isa me?"

"Shekaru sun ja, ga ido. Bara kafaɗa ce. Bana in ƙugu ne ba za ka sake tashi ba. Ina ganin irinsu a asibiti, Baba."

"Wa ya ce maka na faɗi bana?"

Ya juya ya dubi cikin gida, ya daɗe yana kallo, sannan ya dawo da idonsa kaina.

"Juma'a fa?"

"Ni zan riƙa zuwa ina kai ka a babur."

"Kowace Juma'a?"

"Kowace Juma'a, in sha Allahu."

"Likita, ni na fi shekara arba'in ina wannan tafiya. Na san nauyin kalmar da ka faɗa. Kai ba ka san shi ba tukuna."

Na ce na ji, ni dai ya yi min alkawari ba zai sake hawa ba. Ya ce ba zai ɗauki alkawarin da ya san zai karya ba. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na ce ya dubi Inna. Ya ci gaba da duba birkinsa kamar ba da shi nake ba. Raina ya ɓaci. Na miƙe na jawo gwangwanin kayan gyaransa, na ce to ni zan tafi da tayar gaba.

Na zaci zai daka min tsawa. Da ya yi, wallahi da na ajiye. Bai yi ba. Na ɗauki sifana na kafa a noti ina murɗawa tana zamewa. Sai na ji muryarsa a kaina, a hankali.

"Ba ita ba ce. Ɗauki ta kusa da ita, kada ka cinye min noti."

Na ɗauki wadda ya ce. Da keken ya fara tangaɗi, shi ya sa hannu ya riƙe min shi har na zare tayar. Na ɗaure ta a bayan babur. Kullum in zan tafi yakan rako ni gindin darbejiya ya ce in gaida iyali. Ran nan bai fito ba.

Ba zan ɓoye ba, a hanya ji na yi na yi abin kirki. Na ba abokan aikina labari, suka ce ai haka ya kamata, tsofaffi sai da haka. Na jingine tayar a bayan ƙofar ɗakina.

Juma'a uku na cika alkawari. Yakan hau bayana ya sandare, ya ce ina gudu kamar an biyo ni. Lokacin rafin bai kawo ba, ruwan iya idon sawu, mu ratsa ta ciki mu wuce. A gidan Gwaggo su suna hirarsu ta matattu, ni ina waje ina duba agogo. Juma'a ta huɗu abokin aikina bai zo ba, babu wanda zan bar wa asibiti. Ta biyar aka wuni ana ruwa. Ta shida ba ni da wani uzuri da zan rubuta a nan. Na gaji ne, na kwanta bayan masallaci, na ce sati mai zuwa. Duk lokacin da na kira in ba da haƙuri, amsarsa ɗaya ce: "Ba komai, Likita."

Inna ta ce min a makonnin nan ya ɗora gaban keken a kan wani tsohon turmi. Duk ranar da aka yi ruwa sai ya goge shi ya sa wa sarƙa mai, keken da ko ƙofar zaure bai leƙa ba. Gonar arewa mai nisa ya bar wa Yaya, don ƙafa ba ta kai shi. Ya rage magana, ya rage cin abinci. Ta ce min ya rame. Na aika masa da maganin ƙarin jini.

Ranar wata Alhamis, marka ta zauna, tun safe ake ruwa ba ƙaƙƙautawa. Surukar Gwaggo ta kira wayar Inna ta ce zazzaɓi ya kwantar da tsohuwa, kwana biyu ba ta ci komai ba, sunan ƙaninta kawai take kira. Inna ta kira ni. Ina jin muryar Baba a bayanta yana cewa, "Ce masa yanzu." Na leƙa waje na ga yadda ruwa yake zuba. Na ce su yi haƙuri ya ɗan tsagaita, ko zuwa gobe da safe, ai gobe ma Juma'a ce. Yaya yana Kano ran nan. Baba ya aika wajen masu babur na gari, duk suka ce ba za su fita a wannan taɓo ba.

Ya ɗauko buhunsa ya zura, ya ɗaure malafa. Inna ta tare ƙofa ta riƙe masa hannu. Ya ce mata, "Ita ta goya ni." Ya zare hannunsa ya fita.

A ƙasa ya tafi, ya yanke ta rafi. Rafin ya kawo, ruwan ya kai masa ƙirji, wasu mutane biyu da ke hayin ne suka shiga suka jawo shi. Ya isa gidan Gwaggo da magariba haƙoransa suna haɗuwa. Ita zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba ta magani, cikin kwana uku ta tashi zaune. Shi aka dawo da shi washegari jikinsa kamar wuta, yana tari. Sanyi ya kama masa haƙarƙari. Na zo na yi masa allura, na ga abin ya fi ƙarfina, na ɗauke shi zuwa babban asibiti.

Ina tare da shi duk kwanakin. In numfashi ya bar shi yakan yi min maganar gona, wadda za a fara yanka da wadda za a bari ta ƙara bushewa, da wake da ya ce kada a bari tsutsa ta riga mu. Bai ambaci keke ba ko sau ɗaya. Ni ma ban ambata ba. Wata la'asar ya buɗe ido ya ce, "Likita." Na ce, "Na'am, Baba." Ya daɗe yana kallona. Maganar tana kan harshena, kalma uku ce kawai, Baba ka yafe. Sai na miƙe na kama duba ledar ƙarin ruwa, wadda babu abin da ya same ta. Ya ce, "Ɗaga min filon nan." Na ɗaga masa.

Kwana tara bayan tafiyar ya cika, da hantsi, da kalmar shahada a bakinsa. Wannan kam na gode wa Allah da na ji ta da kunnena.

A kwanakin makoki da abu ɗaya nake lallashin kaina. Ina cewa ko da keken yana nan, ruwa zai dake shi, rafin ma dole ya shiga, sakamakon ɗaya ne. A rana ta uku da mutane suka ragu, mai faci ya matso kusa da ni. Tun da aka yi rasuwar yake zaune a kusurwa ba ya magana. Ban san abin da ya sa na faɗa masa wannan tunanin nawa ba, wataƙila so nake wani ya ce min haka ne.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, ba zan yi maka ƙarya a gidan aminina ba. In marka ta zauna, mahaifinka ba ya bi ta rafi. Tura keken yake ya fito titi, ya bi kwalta ya haye gada. Hanyar ta ninka, amma a keke ba komai ba ce. In ruwan ya yi ƙarfi a rumfata yake fakewa, in ba shi wuri kusa da garwashi. A ƙasa ne ba zai iya wannan zagayen ba." Ya share ido da bakin riga. "Ran nan na yi ta kallon titi. Na ce yau kam Malam yana gida."

Ya dafa kafaɗata ya ce kwana in ya ƙare babu mai ƙara shi, kuma ya san don tausayi na yi. Na san gaskiya ya faɗa. Na yi imani da ƙaddara, ba ni da shakka a kanta. Amma sanin wannan bai sa na iya cin abinci ran nan ba.

Gwaggo ba ta samu zuwa makoki ba, jikinta bai yi ƙwarin da za a ɗora ta a babur ba. Bayan addu'ar bakwai na tafi yi mata gaisuwa, na bi ta gada. Na same ta a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, ta ƙanƙance kamar yarinya. Da na yi sallama ta miƙo hannu tana lalube, na sa nawa a ciki. Ta riƙe da hannu biyu ta fashe da kuka.

"Ni na kira shi," in ji ta. "Ni da na gama rayuwa, ni na kira shi cikin ruwa. Da na yi shiru da bakina."

Na ce, "Gwaggo, ki daina faɗin haka. Ba ke ba ce."

"Da ya shigo na taɓa shi na ji shi kamar ƙanƙara. Na ce kai kuwa ina kekenka, ka taho a ƙasa? Ya ce Likita ne ya ga tayar ta lalace ya tafi da ita Ɗanbatta gyara. Ya ce yaron nan yana kula da ni, Yaya, ba ya so in wahala." Ta matse hannuna. "Allah Ya yi maka albarka, ka ji. Ya tafi yana yabonka."

Na kasa cewa amin. Surukarta tana tsaye a gefe da kwanon ruwa, ita ta amsa a madadina.

Gwaggo ta share fuska da gefen zane. Can ta ce, "An gama gyaran kuwa?"

Na buɗe baki in gaya mata komai. Na dubi tsohuwar nan da ba ta da kowa a duniya da ya san ƙuruciyarta, wadda abin da ya rage mata na ƙaninta shi ne maganarsa ta ƙarshe. In na faɗi gaskiya na ƙaryata shi. In na yi shiru na ci yabon da ba nawa ba.

Na ce, "Ba a gama ba, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai a hankali. "To a bar shi haka. Wa zai hau?"

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maKa. Ya riƙe zumunci da ƙafafunsa har suka gaza, ya tsaya wa wanda bai sani ba a hanya, ya rufa asirin ɗansa a ranar da ɗan bai cancanta ba. Ka rufa nasa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da mahaifiyar da bai samu ya san fuskarta ba. Ka ba Inna da Gwaggo haƙurin rashinsa. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa mahaifina addu'a. In ya shafa, ya ƙara ɗaga hannu sau ɗaya saboda ni.